Zangarniyar da Na Karɓa

Me ya sa abu zai mutu a ƙofar gidanka, ka yi tafiyar kwana biyu a ƙasa ka tarar da shi da ransa a ƙofar gidan wani? Hausa ɗaya muke ji, dawa ɗaya muke shukawa, hadarin da ya zuba a wurinsu shi yake ƙarasowa wurinmu. Na tambayi malamai, na tambayi tsofaffin da suka girme ni tun suna raye, ba wanda ya ba ni amsar da ta zauna mini. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake yi ana rubutawa.

Maigidana makaɗin noma ne. Gangar noma ya gada wurin ubansa, babba ce, in ya rataya ta sai ta rufe masa rabin jiki. In aiki ya fi ƙarfin mai gona sai ya kira gayya. Ƙartin gari su taru da garemaninsu su jera a bakin kunya, shi kuma yana bin su a baya da ganga. Kowane gida da takensa. In ya ga hannun wani ya fara sanyi, sai ya saki taken kakansa, ka ga mutum ya zabura kamar an watsa masa barkono.

Ƙauyenmu yana dab da Funtuwa, daga tsakar gida muke jin kukan jirgin ƙasa. Lokacin da aka kawo ni gidansa Turawa ba su tafi ba, kuma in damina ta kankama sai ya yi kwana bakwai bai ci tuwon gida ba, daga wannan gona sai waccan. Bayan an sami mulkin kai da 'yan shekaru abin ya fara ja baya. Auduga ta yi kuɗi. Samari suka gane cewa in sun yi ƙwadago za su koma gida da sule a aljihu, in sun je gayya kuwa sai fura da goro. Masu hali suka sayi garmar shanu. Maigida ya kan ce shanu ba su da kaka, balle a yi musu take. Ɗanmu ma, shi kaɗai ne namiji, ya tafi ɗaukar kaya a gidan gurzar auduga. Ya ce wa ubansa ganga ba ta sayen keke.

Shi maigida da ganga yake auna ƙasa. In ya dawo daga tafiya ina zuba masa ruwan wanka, sai ya riƙa ba ni labari. Daga nan zuwa Bakori, ya ce, ganga ta kwanta. Wajen Tsiga ana yi, amma an rage mata tsawo: maza kaɗai, fura da goro, azahar na yi a watse. In ka wuce Tsiga ka nufi Kafur, ka shiga gidajen Maguzawa, can take sarauta. Mata da maza kowa da garmarsa, ga giya tulu-tulu, sai rana ta faɗi. Na taɓa ce masa ashe addini ne ya kore ta. Ya girgiza kai. Ya ce akwai wata unguwa bayan Kafur, Musulmi ne tsantsa, limaminsu ma yana fitowa gayya, ba su taɓa fasawa ba. Akwai kuma gidan Maguzawa a bakin hanyar Malumfashi da suka bari tun kafin mu. Na ce to hanyar mota ce. Ya ce wataƙila, amma ya san ƙauyen da mota ba ta taɓa shiga ba, su ma sun bari, don kawai tsohon da ke tara su ya rasu.

Da kira ya ƙare a kusa, sai ya koma zuwa kasuwar Bakori duk ranar cinta. A can mutanen nesa suke samunsa su yi magana. Ni ban taɓa ganin yadda suke yi ba. Iyakata in haɗa masa guzuri.

Sai ciwo ya kama shi. Ƙirji ne. In ya yi 'yar tafiya numfashi ya riƙa yi masa wuya, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ya bar zuwa kasuwa. Damina biyu ganga tana rataye a ɗaki, na lulluɓe ta da tsohon zane. Ba ya maganarta. Amma in hadari ya haɗu sai in ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa.

A damina ta uku, lokacin huɗar dawa, ana cikin yaƙin nan da aka yi a kudu, wata rana bayan azahar ya sami barci. Daren jiya tari bai bar shi ya runtsa ba. Ina tankaɗe sai na ji murya a waje.

"Gafara dai, masu gida!"

Na fita zaure. Wani dogon dattijo ne da walki, fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa duk taɓo. Da gani ka san Bamaguje ne, kuma daga nesa yake.

"Makaɗi yana nan, uwar gida?"

"Yana nan, Baba, sai dai ba ya jin daɗi. Yanzu ya sami barci."

"Ayya, zazzaɓin damina ne, kowa ya sha shi bana. Kasuwa uku ina nemansa. Yayana ne ya aiko ni daga wajen Kafur. Huɗa za a yi masa, saura kwana tara."

Ya sa hannu a burgami ya fito da zangarniyar jar dawa guda ɗaya, an ɗaure wuyanta da jan zare. Ya miƙo da hannu biyu.

Ni 'yar cikin garin Bakori ce, ubana wanzami. A gidanmu in an kawo maka goron gayyata ba ka mayarwa, rashin kunya ne. Ka karɓa, ka ci. In ka sami hali ka je, in ba ka samu ba ka aika a ba da haƙuri, magana ta ƙare. Na ɗauka wannan ma goronsu ke nan. Kuma gaskiyar da zan faɗa, so nake mutumin ya tafi da sauri kafin muryarsa ta ta da maigida, don na san in ya ji an zo kiransa ba zan iya riƙe shi ba.

"Kawo," na ce.

Bai saki ba. "Kin karɓa fa, uwar gida?"

"Na karɓa mana, Baba. A gaida mutanen gida."

Ya yi dariya, haƙoransa biyu ne suka rage a sama. "Madalla da ke. Bari in yi sauri a je a jiƙa dawa."

Na ba shi ruwa ya sha, ya juya. Na shiga da zangarniya na soke ta a jinkar ɗakin girki, na koma kan tankaɗena. Har ina yaba wa kaina dabara.

Kwana huɗu na ɓoye masa zancen. A na biyar da hantsi ya fito shan rana, na shimfiɗa masa tabarma a jikin ɗakin girki. Ya kwanta rigingine. Ina wanke-wanke na ji ya ce:

"Ke 'yar birni."

Haka yake kirana in yana son tsokana. Amma muryar ba ta tsokana ba ce.

"Wa ya kawo wancan?"

Jan zaren ne ya leƙo ta ƙarƙashin ciyawa. Na faɗa masa duka, ban rage ba.

"Da hannunki kika karɓa?"

"Da hannuna."

"Kika shigo da ita cikin gida?"

"To ina zan bar ta, a zaure kaji su cinye?"

Ya tashi zaune da ƙyar. Ya ce a gidajen Maguzawan nan zangarniyar nan daga damin iri ake zaro ta. In an miƙo maka ka ce a'a, ba laifi, ba wanda zai ji haushi, sai su nemi wani makaɗi ko su ɗaga rana. Amma in ka karɓa ta ƙetare ƙofar gidanka, an gama. Ranar da ɗan aike ya koma za a jiƙa dawar giya, a yi yanka a gona, a aika wa dangi gida-gida. In rana ta zo ganga ba ta zo ba, sai a ce gonar mutum ce aka ƙi, kuma ba mai sake amsa gayyarsa.

"A aika a ce ba ka da lafiya," na ce.

"Dawa ta riga ta tsira. A ce wa tsiro ya koma?"

"To a ba wani makaɗi. Ba kai kaɗai Allah ya yi wa hannu ba."

"Gida goma sha ɗaya ne za su fito. Nemo mini wanda ya san takensu in ba shi gangar kyauta. Ubana ne ya yi wa uban mai gayyar kiɗa."

Na fashe da kuka. Na ce ni na jawo, ni zan je in durƙusa in ba su haƙuri. Ya ce haƙuri ba ya huɗa. Na ɗaga kai in ga ko fushi yake yi, sai na ga abin da ya fi fushi ba ni tsoro. Fuskarsa ta washe. Rabon da in gan ta haka tun kafin ciwo.

"Sauko mini da ita," ya ce. "Ki kawo man shanu kaɗan, fatar ta bushe."

Na ce in dai zai tafi, ƙafata ƙafarsa. Ya ce matar aure daga garinmu ba ta zuwa gayya. Na ce matar aure daga garinmu ba ta karɓar zangarniya ma, ga shi na karɓa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Maƙwabcinmu ya ba mu aron jaki. Muka fita da sassafe, shi a kai, ganga a ɗaure a bayansa, ni a ƙasa da ƙullin guzuri. A wannan tafiya na ga abin da shekara da shekaru nake ji a bakinsa.

Yinin farko auduga ce hagu da dama. 'Yan ƙwadago uku nan, huɗu can, kowa ya sunkuya ba mai magana da wani. Wani saurayi yana bin shanu da garma ya hango mu ya ɗaga murya:

"Baba, ina ake biki ba a gaya mana ba?"

"Bikin ubanka ne," in ji maigida. "Ka tambaye shi wa ya kaɗa masa ranar da ya ƙure ƙarti a fadama."

Saurayin ya tsaya baki buɗe, shanu suka ja shi gaba.

Da yamma muka isa Tsiga, muka sauka gidan ƙanwar mahaifiyata da ke aure a can. Da ta ga ƙafafunsa sai ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, kina da hankali kuwa?"

Da safe muna fita gari muka ci karo da gayya. Ba su da yawa, maza ne zalla. 'Yan mata sun ajiye ƙoren fura a bakin gona sun juya. Makaɗinsu da ƙaramar ganga, da ya gane wanda ke kan jaki sai ya yanke kiɗan da yake yi ya saki wani. Maigida ya ɗaga hannu. Ya ce mini taken gidansu ne, na makaɗa. Shekarata ashirin da wani abu a gidansa ban san suna da take ba, don shi ba ya kaɗa wa kansa.

Daga nan hanya ta zama siririya. Gari ya ƙare, sai gidaje ɗai-ɗai a tsakiyar gonaki, kowanne da manyan rumbuna kewaye da shi. Na fara ganin mata a gona, zane iya gwiwa, goyo a baya, garma a hannu. Ban ga wata iyaka da aka shata ba, ba kogi, ba dutse. Mun dai wuce wata tsamiya, mun tsallake wani ɗan rafi da ruwansa bai kai idon sawu ba, sai na ji ana kiran maigidana daga gonaki, "Makaɗi! Makaɗi ya zo!" Wata tsohuwa ta yar da garma ta rangaɗa guɗa.

Uwargidan mai gayya ita ta tarbe ni, ƙatuwar mace mai fara'a.

"Ke ce mai karɓar zangarniya? Mun ji labarinki. Tun da uwata ta haife ni ban ji mace ta karɓa ba. Zo ki zauna, jaruma."

"Rashin sani ne, Yaya."

"Rashin sanin naki ya yi mana rana. Giya ta yi kyau bana, sai dai ku ba ku sha, asararku."

Amma da aka sauke shi daga jaki, mai gayya ya ga yadda mutum biyu suka riƙe shi, sai dariya ta ɗauke. Ya harari ƙanensa, dattijon da ya zo gidanmu.

"Kai da aka aika ka ga mutum, sai ka ga matarsa ka dawo?"

"Ta ce barci yake yi. In tashe shi?"

Mai gayya ya durƙusa gaban maigida. "Abokina, gobe ka zauna a gindin ɗorawa ka buga sau uku. Ganga ta zo, kowa ya gani. Ya isa."

"Gangar zaune ta biki ce," in ji maigida. "Ku dai ku wasa garemani."

Gari na wayewa suka jera, ban iya ƙirga su ba. Aka rataya masa ganga. Da gula ta sauka a kan fata sai garemani suka sauka tare. Ƙasa ta fara tashi baƙa wuluk. Yana bin su a baya, ni ina binsa da butar ruwa. Ya saki taken wani gida, wani tsoho mai furfura ya yi kururuwa ya wuce 'ya'yansa. Ya saki na wani, mata uku suka bar sahunsu suka shiga na maza. Uwargidan nan ta dafa ni ta ce, "Ke bakinki na ado ne?" Ni da ban taɓa guɗa a fili ba, ranar na yi, har sau nawa ban sani ba. Ya waiwayo ya dube ni yana kiɗa.

Har hantsi ya yi zafi yana tsaye. Da azahar ya ajiye ya yi salla a gefen gona. Sun janye tulunan giya can nesa da shi, fura kuma daga rugar Fulani suka sayo masa. Bayan salla ƙafa ta ƙi. Sai suka kawo turmi suka kife ya zauna, in sahu ya yi nisa ƙarti biyu su ɗauke shi da turmin su matsa gaba. Haka aka yi har kunyar ƙarshe. Bai tsallake gida ko ɗaya ba.

Na sha zama ina tunanin wannan rana. Mutanen nan ba su fi na garinmu ƙarfi ba, ba su fi su talauci ba, su ma suna noma auduga suna kai wa kasuwa. Daga baya na ji an ce can ma abin ya ragu, wasu sun musulunta, wasu sun shiga coci, wasu sun sayi shanu. Aka kuma ce mini akwai gidajen da har yanzu ba sa huɗa sai da ganga. Ban koma ba, ban gani da idona ba.

Kwana biyu muka yi a gidan, bai iya tashi ba. Sun kawo saiwoyi, sun kawo kaza. A na uku ya ce a kai shi gida. Gangar ya ce a bar ta rataye a zauren mai gayya, ta yi wa jaki nauyi. Ƙanen mai gayya ya rako mu yana riƙe da shi a kan jaki, tun daga ƙofar gida har Tsiga. A Tsiga tafiya ta tsaya. Muka kwantar da shi a ɗakin ƙanwar mahaifiyata, aka aika Funtuwa a kira ɗanmu. Bai iske shi da rai ba. Washegari bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa, kuma a can aka rufe shi.

Kafin la'asar ɗin, mu biyu ne a ɗakin. Na jingina shi da bango don in ya kwanta numfashi ba ya fita. Ina yi masa fifita ina kuka. Na ce ya yafe mini, ni na kashe shi da hannuna, da na mayar wa mutumin nan abinsa da yanzu yana gida a kan tabarmarsa. Sai ya kama bakin zanena.

"Damina biyu ina kan tabarmar nan ba wanda ya zo nemana," ya ce. "Ke kika karɓo mini. Bar kukan haka. Tashi ki ba jakin mutane ruwa, tun safe yake ɗaure a rana."